Babur Ɗin Dennis

Craig ya gitta motarsa a ƙofar gidan iyayensa a Hinckley, ya fito. Tun bara likita ya hana mahaifinsa Dennis tuƙi, don idanunsa sun kusa mutuwa. Amma maƙwabta sun ce duk Lahadi sai babur ɗinsa, Triumph Sprint, ya kama hanyar Wales, da matarsa Glenda a baya.

Craig ya san taurin kan tsohon. Uban Dennis ya ƙera baburan Triumph a Meriden, shi ma Dennis ya tsufa yana ɗaura injinansu a nan Hinckley. Raba shi da babur kamar binne shi ne da rai.

Can sai ga babur ɗin ya shawo kwana, mutum biyu a kai, hulunan kwano sun rufe fuskokinsu. Craig ya tare su, ya cafke kan babur ɗin.

"Baba, kanka za ka kashe, ka haɗa da Mama? Ba ni makullin, ko in kira 'yan sanda yanzun nan!"

Na gaban ya kashe injin, ya zare hular. Sai ga furfurar Glenda.

"Rage murya, yaron nan," in ji ta. "Tun bara ni nake tuƙawa. Rigarsa ta fata kawai nake sawa, kada abokansa su gane."

Daga bayanta Dennis ya lalubo kafaɗarta.

"Glenda, me ya tsayar da mu? Mun iso gida ne?"