Babbar Albasa Mai Rauni

Malam Sabi'u, daina harara kwamfutar nan, ba ta yi maka komai ba. Ka ce ta rarraba maka majinyatan asibitinku da yaren kwamfuta na SQL, ka jera sharuɗɗanka a cikin umarnin CASE, ga shi ta jefa masu ciwo mai tsanani cikin rukunin "manya" kawai, layin gaggawa ya tashi fayau. Ita sharaɗin da ta fara tararwa ya dace, a nan take tsayawa, ba ta duba na ƙasa. Zauna in ba ka misali.

Wani manomin fadama ne ya yi sa'ar albasa wata shekara, irin sa'ar da ke sa mutum tafiya yana gaida kowa. Ya ƙudura ba zai sayar a kakarta ba, zai adana har damina, lokacin da take tsada, don da ita zai rufe ɗakin da ruwa ke zubar wa iyalinsa. Ya ɗauko mata 'yan ƙwadago su tsince masa. Da yake mutum ne mai gaggawa, a tsaye ya ba su umarni, ƙafa ɗaya a kan babur: duk babba a kai rumbu, duk mai rauni a kai kasuwa gobe, abin da ya rage na miyar gida ne. Matan suka zauna suka yi aiki tsakani da Allah. In sun ɗauki albasa, tambayar farko ita ce, babba ce? In babba ce, sai rumbu, ba wanda ya sake juya ta. To, ai babbar ce fartanya ta fi sara wajen tono. Ƙananan masu rauni suka tafi kasuwa, manyan masu rauni suka kwanta a tsakiyar lafiyayyu.

Ruwan farko bai sauka ba wari ya kai gidan maƙwabta. Ya buɗe rumbu ya tarar rabi ya narke, baƙin ruwa na bin ƙasa. Abin tausayi ne, wallahi, mutumin nan ya sha wahalar ban-ruwa. Amma maimakon ya zauna ya yi tunani, sai ya zari takalmi ya nufi gidan shugabar matan yana sababi, wai sun cuce shi. Ta bari ya gama, sannan ta maimaita masa maganarsa yadda ya jero ta, ba ƙari ba ragi, ta ce, "Alhaji, da mai rauni ka fara ambata, da ko ɗaya ba ta shiga ba." Ya nemi inda suka saɓa masa ya rasa. Daminar nan da kwanuka iyalinsa suka tari ruwa a tsakar ɗaki.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.