Tsamin Gidan Hajiya Atika

Hajiya Atika ta sunkuya za ta ɗauki buta, tsamin ya sake bugun hancinta. Ta miƙe tana tofar da yawu. Wari ne irin na tsumman da ya kwana uku a jiƙe, kuma ta san mai shi: Sumaiya, 'yar hayar ɗakin ƙofa, mai sana'ar awara.

Duk Tudun Wada an san Hajiya da ƙyanƙyami. Mace ce mai jiki, mai son ado, wadda ko a zafin bazara ba ta raba ƙirjinta da rigar mama mai soso da 'yarta ta aiko mata daga Abuja. Irin wannan mata ce za a ce gidanta na tsami? Abin ya ci mata rai ƙwarai.

Tun watan jiya ta yi wa Sumaiya kashedi a kan ruwan tsamin da ake haɗa awara da shi. Sumaiya ta durƙusa ta ba da haƙuri. Amma wari sai abin da ya yi gaba. Da rana ta take ya fi tashi. Ya bi Hajiya ɗaki, ya bi ta kan darduma, har Islamiyya ya raka ta, inda matan ajinsu suka fara bar mata benci ita kaɗai, wai don girmamawa. Ta ce ai dole, ƙazantar yarinyar nan ta kama mata tufafi. Ta ƙara humra, ta ƙona turaren wuta har idonta ya yi ja. Ga wani ƙaiƙayi da ya addabe ta, ta ɗora wa sabulu laifi ta sauya wani.

Ranar da jikarta ta ƙi hawa cinyarta, Hajiya ta kai bango. Ta ba Sumaiya kwana bakwai ta bar mata gida. Ta san mijin yarinyar ya rasu, ta san ba ta da kowa sai wata gwaggo a Tudun Jukun mai ɗaki ɗaya. Ta ji tausayi, amma ƙyama ta rinjaya.

Ran tashi, da aka gama ɗora kaya a kura, Sumaiya ta shigo sallama. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ajiye ƙullin leda. Hajiya ta buɗe da yatsa biyu: hoda ce, da fararen ƙyallayen auduga an yanka su daidai tafin hannu.

"Na mene ne wannan?"

Sumaiya ta sunkuyar da kai. "Inna, ki gafarce ni, ba maganar da ƙarami ke gaya wa babba ba ce. In kin yi wanka, ki ɗaga mama ki tsane ƙarƙashin sosai, ki sa ƙyalle, ki riƙa canzawa. In wurin ya yi ja, ki je asibiti. Haka mahaifiyata ta yi fama."

Hajiya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. "Ke da kika cika min gida da ruwan tsami, ni za ki koya wa tsabta?"

"Inna," in ji Sumaiya a hankali, "tun ranar da kika yi min magana, wata guda ke nan, ko ƙwayar wake ban jiƙa a gidan nan ba."