Moɗar da Kaka ta ware mana

Tun da Inna ta bi Almasihu, in mun je gidan Kaka a Hamdara, takan ware mana moɗa ta rataye a darni, nesa da randa. Wata la'asar na dirje ta da toka har yatsuna suka yi ja. A zatona in ta yi fes za a mayar da ita kan randa.

Inna na karatun Nassi a gindin bedi. Ta ce, "Bari haka, 'yata. Allah ma bai jira mun wanku ba ya karɓe mu. Alherinsa ne, mu dai mun gaskata."

"To, Kaka fa?"

Ta mayar da ido kan shafin.

Har yau ina riƙe da maganar Inna. Amma Kaka ta rasu moɗar na darni.