Kafar Gangara

Jirgin feshin maganin fari ya tashi daga Tanout zuwa dajin Gangara, inda mahaifin Ila yake kiwo. Ila na biro, wato ofis, yana shan shayinsa, hankali kwance. Na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke gabansa tana da kafofi a bayanta, kowace tana kai saƙo ga rediyon gari guda. Shi ya jera su, da alfaharin mai ilimi: Gangara farko, sai Ollelewa. Tun jiya ya umarci kafa mai lamba ɗaya ta gargaɗi makiyaya su bar daji, guba na tafe.

Rediyo ta yi ƙara.

"Malam Ila, daga Ollelewa ne. Mun gode, kowa na gida."

"Ku kuma? Gangara na aika wa."

Ɗan Azumi, abokin aikinsa, ya aje kofi a hankali.

"Ila, na'urar nan daga sifiri take fara ƙirga, ba daga ɗaya ba."