Baƙar Riga a Bayan Katangar Makaranta

Saura ƙasa da awa guda a fara labaran yamma Yeom Sae-byeol ta tsayar da bidiyon, ta ƙura wa allon ido.

Ita ce mai tace hotuna a wani ƙaramin gidan talabijin na birnin Daejeon, kuma rahoton ranar a kan masu shan sigarin lantarki ne. An sha yawon shaguna, amma duk wanda aka samu direban tasi ne ko ma'aikacin ofis mai furfura, masu neman rabuwa da taba. Wani mai shago ya ce yana da masu saye da ba sa yarda su shigo ta ƙofar gaba. Bang, shugaban sashen labarai, ya sa aka yanke wannan, ya ja tsaki.

"Wa zai ajiye cokalinsa ya kalli tsofaffi suna tari? Ku nemo min yaro."

Aka kuwa nemo masa. Mai ɗaukar hoto ya laɓe cikin mota a bayan katangar makarantar 'yan mata, ya ɗauko wata daga nesa. Doguwar baƙar rigar sanyi ce a jikinta, irin wadda kowace ɗaliba ke sawa, har tana jan ƙasa. Ta rufe kai da hular rigar, farin hayaƙi na tashi. A ƙarshen bidiyon ta waiwayo, fuskar ta bayyana na ɗan ƙiftawar ido.

Sae-byeol ta san rigar. Ita da kanta ta ɗinke hannun hagun da jan zare bayan ya ƙone a jikin na'urar ɗumama ɗaki. Ta ƙanwarta Ga-ram ce, wadda ke ajin ƙarshe a makarantar, mako mai zuwa za ta zauna jarrabawar shiga jami'a. Fuskar ma ta san ta.

Ƙa'idar aiki ce a dusashe fuskar duk wanda aka ɗauka ba da yardarsa ba, kuma mai tace hoto ke yi. Mai ɗaukar hoton ya miƙa katin da bidiyon ke ciki ya ruga wani aikin. Babu wanda ya ga fuskar da kyau sai ita. Nan take ta rufe ta.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, a cikin rahoton akwai mahaifiyarsu, Madam Pyo, shugabar kwamitin iyaye, tsaye a ƙofar makarantar tana cewa duk yarinyar da aka kama a kore ta, ko 'yar wace ce. Matar da ta rene su ita kaɗai, ba ta da wata dukiya a unguwa sai sunanta. In fuskar nan ta fita, gidansu ba zai ƙara ɗaga kai ba. In kuma jan zaren ya fita, ƙawayen Ga-ram ba za su kwana ba su gane ba.

Bang ya turo ƙofa ba sallama, ya tsaya a bayanta.

"Kin rubuta 'ɗalibar sakandare' a ƙasa?"

"Yallaɓai, ai ba mu tabbatar ba."

"Baƙar riga, bayan makaranta, ga hayaƙi. To matar magajin gari ce? Rubuta!" Ya sunkuyo yana kallon allon. "Wannan kuma wane irin rufin fuska ne, kamar an manna mata awara? Rage shi. Ina so a ga ƙuruciya."

"Zan rage."

"Kuma na kira mamanki. Bayan labarai za ta zo ta ga asalin bidiyon, babu yarinyar da ba ta sani ba a makarantar nan. Gobe mu bi da labarin kora."

Ya fita yana amsa waya. Tsoro ya cika Sae-byeol, da haushi kuma. Ta rubuta abin da aka ce ta rubuta, ƙarya ce ko gaskiya ba wanda ya damu. Rufin kuwa ba ta rage ba. Ta ƙara masa kauri, ta saukar da shi har ya haɗiye hannun hagun rigar. Ta tura rahoton ana gab da farawa. Sannan ta goge asalin daga na'urarta, ta goge shi daga katin.

Rahoton ya fita da kiɗa mai tayar da hankali, mai karanta labarai na kaɗa kai a kan yaran zamani. Bang bai jira an gama ba ya zo neman asalin. Da ya ji an goge, sai da na ƙasan bene suka ji muryarsa.

"Kuskure? Ke kika san kuskure! Tattara kayanki, ba sai kin jira ƙarshen wata ba."

Madam Pyo ba ta zo ba. Ta aiko cewa kanta na ciwo.

Da Sae-byeol ta koma gida ta same ta a falo, zaune gaban talabijin, miyar kimchi ta huce a tukunya ba wanda ya taɓa. Ga-ram na ɗaki tana haddar karatu. Uwar ba ta ɗago ba, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Wa ya ga fuskar?"

"Ni kaɗai. Kuma an kore ni."

Sae-byeol ta cire takalmanta, ta zauna kusa da uwar, ta rage murya don kada ƙanwar ta ji.

"Umma, in za ki sake laɓewa ki sha, don Allah ki sa taki rigar."