Girar Inna

Tunda ka ce gaggawa kake yi, zauna ka ji abin da ya sami wani maɗinki. Uwarsa ta rasu tun yana saurayi. Ba ta bar masa hoto ko ɗaya ba, sai zanen fuskarta da wani mai fentin manyan motoci ya yi a jikin katako, zamanin da take sayar da fura a tasha. Shekara talatin katakon na rataye a shagonsa. Hayaƙi ya dusashe fuskar, danshin damina ya tsattsaga fentin, girar dama ta goge gaba ɗaya. Kullum ya ɗago kai daga keken ɗinki sai ya dube ta, kewa ta cika masa ciki, don ya fara manta yadda take kallonsa. Ya kai katakon wurin wani tsoho da ya san aikin gyaran tsohon zane. Tsoho ya jujjuya katakon ya ce sai wata uku, da auduga zai riƙa ɗauke hayaƙin kaɗan-kaɗan, kuma ba zai ƙara ko ɗigon fenti ba, girar ma haka za ta zauna. Maɗinki ya ga wata uku ya yi masa nisa, ga Inna ba gira. Ya ɗauki kayansa ya nufi mai rubuta allon shaguna a bakin kasuwa, ya miƙa masa ya ce, "Gyara."

Ya kuwa gyara, ba ƙarya. Kwana biyu ya gama. Ga gira nan shar kamar an ja da kwalli. Amma billen da ke kumatunta, gwanin naka ya zaci tsagewar fenti ce, ya shafe. Wushiryarta ma ya toshe, wai haƙori ne ya goge. Maɗinki ya tsaya yana kallon wata kyakkyawar mace da bai taɓa gani ba. Ya ruga wurin tsoho ko za a ɗaye sabon fentin. Tsoho ya shafa katakon, ya girgiza kai: an kankare na da kafin a shafa wannan, babu kowa a ƙasa. Abin da ya fi ci masa rai, yanzu in ya runtse ido yana neman fuskar uwarsa, baƙuwar nan ce take zuwa. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.