Sarauniya a Bakin Doki

Da mahaifinta ya ajiye sarauniyarsa a kan allon wasa daidai bakin dokinta, inda za ta iya cinye ta, ya danna agogo, sai ta ɗago ta harare shi.

Wato har a nan ma? A zagayen ƙarshe na gasar ces, darar Turawa, gaban alƙali da 'yan kallo? Shekara ashirin tana fafutukar tara maki don ta zauna gabansa a matsayin abokiyar karawa, shi kuwa har yau yarinyar nan yake gani, wadda yakan bari ta cinye shi don kada ta yi kuka. Gobe a ce kofin sadaka ne, uba ya miƙa wa 'yarsa.

Doka ta hana magana a zauren, amma ta sunkuyo ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba, wannan raini ne. Ni ba bara na zo ba."

Alƙali ya ɗaga mata yatsa. Ta fizge sarauniyar, ta dangwarar da dokinta a gurbin, ta maka wa agogo hannu har allon ya girgiza. Sannan ta ɗago, tana jiran murmushin nan da yake yi duk sanda ya yi mata kyauta.

Babu murmushi. Mutumin da a da yake karawa da mutum goma lokaci guda, idonsa a ɗaure, ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya daɗe yana bin allon gida-gida, kamar yau ya fara ganin allon.

"Uwata," ya ce a hankali, "dokin nan naki, tun yaushe yake nan?"